Maganar da Baba Bai Faɗa Ba

Shekarar da aka ba Kalgo ƙaramar hukumarta, ofishin baitulmali ɗaki biyu ne kacal na haya, teburansa ma aro ne. A nan aka ajiye Zulai, ɗiyar Alhaji Atiku mai kifi, da sabuwar difilomarta ta akanta da sabon mayafi, ba ta san ta inda ake kama aikin ba. Da manya suka ga sababbin ma'aikatan sun yi cirko-cirko, sai aka aro musu wani akanta daga Gwandu ya zo ya ɗora su a kan hanya.

Tun kafin a gan shi aka ji shi. Wani tsohon babur ne ya shigo harabar yana tari kamar mai mura, ya yi ta tari har ya mutu da kansa a bakin ƙofa. Mai shi ya sauko, dogo siriri, da biro biyu a aljihu, ja da shuɗi. Zulai ta kai mayafi baki, amma ya riga ya gani.

"Yi dariyarki, malama," ya ce. "Shi ma ya saba. Sunana Abdulgani."

"Ni ban yi dariya ba, Yallaɓai."

"To idanunki sun yi."

Shi ya koya mata rubuta bauca, takardar biyan kuɗi, ya koya mata daidaita abin da ya shigo da abin da ya fita. Idan ta yi kuskure ba ya faɗa, sai ya ɗora mata jan biro a gefe ya kau da kai. Abu guda ne ya tsaya mata a rai: da an tashi aiki, ko ruwa ba ya tsayawa sha, sai ya buga babur ya kama hanyar Gwandu. Ta yi ta cin rai har ranar da ta kasa daurewa.

"Halan uwargida ba ta son a makara?"

Ya yi murmushi. "Awo, ba ta so. Sunanta Inno, ita tah haihe ni."

Ya ba ta labari. Yanar ido ta rufe wa Inno gani, ba ta ganin komai sai inuwa-inuwa, kuma shi kaɗai gare ta. Kullum kafin rana ta faɗi shi ke ɗebo mata ruwa, ya ɗiga mata magani, ya yanko wa saniyarta ciyawa. Saniyar nan tsatson shanun gidan ubanta ce, ba ta barci sai ta shafa ta.

"Abin da nika so ga aikin gwamnati ke nan," ya ce. "Kuɗɗin ba yawa, wani bi sai wata ya raba ba a gan su ba. Amma yammata tawa ta, ba mai riƙe ni."

A ranar Zulai ta koma gida tana ta murmushi ita kaɗai, har mahaifiyarta Hajjo ta tambaye ta ko ƙarin girma aka yi mata.

Da ya gama aikin da ya kawo shi ya koma Gwandu, sai Sule direba, mai ƙaramar bas da ke bin hanyar, ya zama ɗan aikensu. Takardar farko gajeruwa ce:

"'Yar Kalgo, na duba lissafin zuciyata na wannan wata. Abin da ya shigo: ke. Abin da ya fita: barci da cin abinci. Ya ƙi daidaita. Ki taimaka."

Ta mayar masa: "Akantana, nawa ma haka yake. A bar shi a haka, kada a gyara."

Da a nan aka tsaya, da babu abin ba da labari. To amma akwai Lawali, akanta a wani banki a Birnin Kebbi, mai mota da agogon zinare, wanda ya fara aiko wa Zulai da turare. Akwai kuma Binta, ƙawarta tun makaranta, wadda bakinta ba ya hutawa. A gaskiya Zulai ba ta son Lawali ko na sisin kwabo, hirarsa duk ta kansa ce. Motar ce dai take ɗan sosa mata rai.

Ranar bikin wata abokiyar aikinsu, babur ɗin Abdulgani ya zaɓi ya mutu a tsakiyar 'yan mata. Ya sauka yana turawa, gumi ya jiƙa masa riga, sai ga motar Lawali ta wuce a hankali, gilashi a rufe. 'Yan matan suka kwashe da dariya. Binta ta zunguri Zulai.

"Karatu guda, takarda guda, dubi wancan dubi naki. Abin da Lawali ka ɗauka wata guda, naki sai ya yi rabin shekara. Wai kamfani na neman shi Sakkwato ya ƙiya. Ke dai kin sha turin babur."

Gaskiya ne, wani kamfanin sayar da taki da injinan ban-ruwa ya daɗe yana zawarcin Abdulgani da albashi mai tsoka. Ya ƙi, don saura 'yan watanni ya cika shekara goma a aiki, kuma a ƙa'idar lokacin wanda bai cika goma ba ba shi da fansho, sai ɗan kuɗin sallama na giratuti kawai.

A satin nan Hajjo ta kai wa Alhaji maganar Abdulgani. Zulai tana bayan zana tana jin komai.

"Ɗan gwamnati na? Madalla," in ji Alhaji. "Ba su tara dukiya, amma ko ya tsuhwa ɗiyata ba ta rasa tuwo. A bari a kai amfanin gona gida, su turo magabata."

Da yamma Abdulgani ya zo zance, suka zauna a zaure, ya tambaye ta me Baba ya ce. Amsar tana bakinta, mai daɗi, a shirye. Amma dariyar 'yan matan nan ba ta bar kunnenta ba.

"Baba yac ce ba ya ba ɗan gwamnati ɗiya tai," ta ji bakinta ya faɗa. "Yac ce albashinku ba ya riƙe gida."

Abdulgani ya ja zaren tabarma. "Haka yac ce?"

"Haka yac ce."

Ta san ƙaryar ta sami maɓuya. Wane saurayi ne zai tari uban budurwa ya ce, Baba, da gaske ka faɗi kaza? Ko a hanya suka haɗu, durƙusawa yake ya gaishe shi kansa a ƙasa, ya tashi ya yi ta kansa. Ta lallashi zuciyarta da cewa ɗan zunguri ne kawai, zai cika shekarunsa goma, sannan ya nemi na gaba. Ba ta san kamfanin ya ce ko ya zo a watan nan ko su ɗauki wani ba.

Bayan sati biyu Sule ya miƙo mata takarda.

"'Yar Kalgo, na ajiye aiki. Gobe zan tafi Sakkwato. Ki gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa, gidana zai riƙu. Fansho bai kai ki ba."

Ta karanta a tsaye a bakin tasha. Ta so ta bi motar ta ce a dawo, ta ce wasa take. Sai dai takardar ajiye aiki ta riga ta shiga, an sa hannu. Ta koma ofis ta zauna, ranar duk baucar da ta rubuta sai da aka soke.

Kuɗin kamfani kam ba ƙarya. Wata bai gama mutuwa ba an biya, ga na haya, ga na abinci. Abdulgani ya aiko mata da atamfa mai tsada, Binta ta shafa ta ce yanzu aka yi magana. Zulai ta kai ta ƙasan akwati, ba ta taɓa iya kai ta wurin tela ba.

Amma kamfani ya sayi mutum ne gaba ɗayansa. Shi ne akanta, shi ne mai biya, shi ne mai kula da sito. Ana fita da sassafe, ba a tashi sai mai kamfani ya tashi, Asabar ma aiki. Gwandu da yake kwana kullum ta koma ta wata-wata, Inno kuwa aka bar ta da matar maƙwabci mai leƙo ta idan ta sami sarari. Duk zuwan da zai yi Kalgo sai Zulai ta ga wuyansa ya ƙara tsawo.

"Akantana, kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci in na tuna. Kak ki damu, saura kaɗan a kai amfani gida."

Sau nawa ta buɗe baki za ta faɗa masa? Sai ta dubi idanunsa da suka faɗa, ta ga duk wahalar nan don ita yake sha da zuciya ɗaya, sai maganar ta koma ciki. Abinci ya daina yi mata daɗi. Hajjo ta ɗauka ciwon so ne.

Aka kai amfanin gona gida. Kawu Usman, ƙanen mahaifin Abdulgani, ya zo Kalgo da abokansa da goro. Alhaji ya karɓe su da mutunci, aka ci aka sha, sannan ya gyara zama.

"Ku yi min haƙuri. Da na so abin ga, Allah ya sani. Amma yaron da ka aje aikin gwamnati saura kaɗan ya samu hwansho, ya bar uwa tai ba ido ya bi kuɗɗi, ban ga ranar da zai tsaya ma ɗiyata ba. Kamfani na mutum guda na, yau shina, gobe babu."

Kawu Usman dattijo ne, ba ya musu da mai ɗiya a cikin zaurensa. Ya tattara goronsa ya yi sallama. Alhaji kuwa ya ce wa Hajjo mutanen Lawali ma sun yi magana, zai duba.

Takardar da ta biyo baya ba ta da ko gaisuwa.

"Na yi abin da Baba ya ce, kuma an dawo da su Kawu. Ki gaya mini laifina, don Allah. Kaina ya ɗaure."

Zulai ta ɗauki biro ta ajiye ya fi a ƙirga. Ba ta amsa ba.

Ana cikin haka, ƙarshen shekara, Sule ya tsayar da ita a tasha fuskarsa ba walwala. Saniyar Inno ta yini tana kuka ba ciyawa, matar maƙwabci ta tafi suna. Inno ta lalubi lauje ta fita da kanta, ta faɗa wani kwazazzabo a bayan gari, hannunta ya karye. An aika Sakkwato, amma lokacin rufe lissafin shekara ne, masu binciken kuɗi suna ofis, mai kamfani ya ce duk wanda ya fita kada ya dawo. Sai bayan kwanaki Abdulgani ya sami zuwa. Kawu Usman ya sa an sayar da saniyar, don kada tsohuwa ta sake.

Zulai ta isa gida tana kuka, ta roƙi Hajjo su je dubiya. Hajjo ta ce ko ba aure ai akwai zumuncin Musulunci, ta nemi izinin Alhaji, suka shiga motar Sule.

Sun tarar da Abdulgani yana ba Inno kunu a baki. Da ya ga Hajjo ya durƙusa ya gaishe ta, ya fice zaure. Inno ƙaramar tsohuwa ce fara, hannunta ɗaure da karan ɗori. A tsakar gida ga turke da igiya, ba komai a jiki. Ta lalubo hannun Zulai da hannunta mai lafiya ta riƙe.

"Ke ta 'yar Kalgo? Hannunki da sanyi." Ta juya wajen da take jin numfashin Hajjo. "Ki ce ma Alhaji ban riƙe shi da komi ba. Uba na. Da yac ce ba ya ba ɗan gwamnati ɗiya tai, ni nic ce ma yaron tashi ka tahi, ni na ga jiya na ga yau."

Hajjo ta ɗago kai. "Alhaji yac ce mi?"

Zulai ta ji hannun tsohuwar a cikin nata, busasshe, mai ɗumi. Ta zame daga tabarma ta durƙusa a ƙasa.

"Inno, Baba bai ce ba. Baba cewa yay yi madalla. Ni nic ce. Ni niy yi ƙarya."

Hajjo ta saki salati. Inno ba ta saki hannun ba har sai da kukan Zulai ya lafa.

"Ba ni za ki hwaɗa ma ba, ɗiyata. Shina zaure."

Zulai ta tashi ta sami Abdulgani a zaure. Ta faɗa masa duka, ba ta rage ba, ba ta yi wa kanta kwalliya ba. Yana tsaye jingine da bango, kofin kunun yana hannunsa.

"Wata huɗu, Zulai," ya ce. Bai taɓa kiran sunanta haka tsirara ba. "Saura wata huɗu in cika goma. Don mi?"

"Don babur," ta ce da ƙyar. "Sun yi muna dariya."

Ya yi wata 'yar dariya wadda gara ma da kuka ya yi. Ya dubi turken da ke tsakar gida, ya ajiye kofin, ya fita. Washegari ya koma Sakkwato, Sule kuma ya daina miƙo takarda.

Da Alhaji Atiku ya ji, faɗan da ya yi har maƙwabta sai da suka leƙo. Abin da ya fi ƙona shi, da sunansa aka yi. Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwar Zulai. Sannan ya yi abin da uban budurwa ba ya yi: ya ɗauki kwandon bandar kifi ya tafi Gwandu da ƙafarsa, ya durƙusa gaban Inno ya ba ta haƙuri. Ya bi sawun saniyar har garin Dodoru, ya biya abin da mai ita ya yanka, aka koro ta gida. Ya kuma shiga ya fita wajen manya ko za a mayar da Abdulgani bakin aikinsa, amma aka ce wanda ya ajiye ya ajiye, kuma an rufe ɗaukar ma'aikata. Wannan kam kifi bai gyara shi ba.

Zulai ce ta sami mahaifinta wata safiya, ta durƙusa nesa da shi.

"Baba, ka ba ni izini in nemi canjin wurin aiki zuwa Gwandu. In zauna wurin ƙanwarka Gwaggo Indo. Ko ya aure ni ko bai aure ni ba, yammar da nir raba Inno da ita ni ka biyan ta."

Alhaji ya dube ta. "Lawali hwa?"

"A ba shi haƙuri."

Canjin bai yi wuya ba, don kujerar Abdulgani ba a cike ta ba. A teburinsa aka zaunar da ita, har da tabon jan biro a gefe. Da an tashi aiki sai ta wuce gidan Inno, ta ɗebo ruwa, ta ɗiga magani, ta ɗauki lauje. 'Yar mai kifi da ba ta taɓa yankan ciyawa ba, hannunta duk ya yi kanta, saniyar ma sai da ta yi sati tana hararar ta.

Wata Asabar tana sunkuye a bakin fadama tana fama, ta ji inuwa ta rufe ta.

"Ba haka aka riƙon lauje ba."

Ba ta ɗago ba, don ta san muryar. Ya tsuguna, ya karɓa, ya nuna mata yadda ake kwantar da shi ƙasa-ƙasa, kamar dai ranar da ya nuna mata bauca. Ya ga tafin hannunta duk kanta.

"Ba ni ce miki bai yi min ciwo ba," ya ce. "Har yanzu in na tuna sai in ji shi. Amma na zauna na yi lissahi na gaskiya. Da na so, da na tura Kawu ya ji bakin Baba tun ran nan. Ban tura ba, don ni ma kuɗɗin sun ja ni. Kin tura ni, amma ƙahwata ta tat tahi."

"Ba ni iya maido maka shekara tara."

"A'a, ba ki iyawa. Sun tahi." Ya ɗaure ciyawar ya ɗora a kansa. "Taho mu tahi gida, 'Yar Kalgo. Inno ta ce in ban taho da ke ba kada in shigo."

Hawayen da ta yi a hanyar nan sun fi na zaure yawa.

Bayan ƙaramar salla Kawu Usman ya sake ɗaukar goronsa, wannan karon Alhaji har bakin titi ya taro shi. Aka ɗaura aure a Kalgo, aka kawo amarya Gwandu a motar Sule, wanda ya rantse ba zai karɓi ko kwabo ba. Atamfar nan ta ƙasan akwati ita ce amarya ta ɗaura ranar buɗar kai. Binta ta zo, ta ci ta sha, ba wanda ya ji bakinta.

Abdulgani bai bar kamfani ba, don babu inda zai koma. Ya dai sami mai kamfani ya ce ko a ba shi Asabar da Lahadi ko a nemi wani, shi kuwa da ya san irin akantan da ya samu sai ya yarda. Kuɗinsa ke riƙe gida, aikinta ke tsare musu tsufa. Duk ranar da tsofaffin ma'aikata suka yi layi a ofis karɓar fansho, Zulai takan sunkuyar da kai a teburin nan, ta tuna wanda ba zai taɓa shiga layin ba, kuma ta san dalili.

Ranar da ta koma aiki bayan biki, ana tashi ta kamo hanyar gida. Inno tana zaune a bakin ɗaki ta karkata kunne wajen ƙofa, yadda ta saba yi shekara da shekaru tana jiran tarin babur. Ta ji takun takalmi a zaure.

"Wa na?"

"Ni ta, Inno."

Tsohuwar ta miƙo hannun da ya warke, Zulai ta durƙusa ta sa kanta a ƙarƙashinsa.

"Yammata ta dawo," in ji Inno. "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Allah shi ba ki mai dawo miki in kin tsuhwa. Tashi, saniya na jiran ki."